Ƙadangaren Bakin Tulu: Wace Gobe Za A Zana Wa Yara?

Wata muhawara ta taso a majalisarmu ta bakin mai shayi bayan sallar isha'i, kuma har yau ba ta mutu ba. Ba a kan siyasa ba ce, ba kuma a kan tsadar tumatir a kasuwar Mile 12 ba. A kan katun ce. Wani ɗan'uwanmu ya tarar da 'ya'yansa sun haɗa kai a kan waya suna kallon wani shirin zane mai motsi da ake kira Iwájú. Ya zauna ya taya su kallo, sai ga shi an sace yarinya ana neman kuɗin fansa. Nan take ya ƙwace wayar. Da ya ba mu labari majalisa ta rabu biyu, wasu na cewa ya yi daidai, wasu na cewa ya yi gaggawa. Mun kawo maganar wannan shafi ne domin tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi kowane gida a Agege: idan za a zana wa yaro gobe, a zana ta da muguntar yau a ciki, ko kuwa a share?

Bari mu fara da shirin kansa. Iwájú kalmar Yarbanci ce, ma'anarta gaba, ko abin da ke tafe. Shiri ne mai kashi 6 da ya fito ranar 28 ga Fabrairu, 2024 a manhajar Disney+. Wasu samari uku ne suka ƙirƙiro shi: Olufikayo Adeola, wanda aka fi sani da Ziki Nelson, da Toluwalakin Olowofoyeku, dukansu 'yan Najeriya, sai Hamid Ibrahim ɗan Uganda. Su ne suka kafa kamfanin Kugali don buga labaran zane na Afirka. A wata hira da BBC, Hamid ya cika baki cewa za su kayar da Disney a nahiyar Afirka. Maganar ta kai kunnen manyan Disney a Amurka, maimakon su ji haushi sai suka nemi a haɗa hannu. An sanar da aikin a watan Disamba na 2020, kuma sai da ya ci fiye da shekara uku kafin ya fito. An yi shi ne a warwatse, wasu a Legas, wasu a Landan, wasu a Amurka, kamfanin Cinesite kuma ya ɗauki nauyin motsa zanen.

Labarin yana faruwa ne a Legas ta nan gaba. Tola 'yar mai kuɗi ce da ke zaune a tsibiri, ta cika shekara 10. Abokinta Kole yaron gidansu ne, ɗan talakawa daga wannan tsallaken namu, mai hazaƙar haɗa na'urori, uwarsa kuma ba ta da lafiya. Mahaifin Tola ya ƙera wani butum-butumi mai siffar ƙadangare, sunansa Otin, don ya riƙa tsaron 'yarsa, saboda akwai wani mugu mai suna Bode da ke satar 'ya'yan attajirai. A wannan Legas ɗin masu hali na tashi sama da motocinsu su tsallake gosulo, talaka kuwa yana nan ƙasa inda aka bar shi.

To, ga abin da ya sa muke ganin maganar tana da nauyi. Katun ba kamar fim ɗin da ake ɗauka da kyamara ba ne. Idan mai kyamara ya tsaya a Oshodi, duk abin da ya gifta zai shiga hoto, ko ya so ko bai so ba. Mai katun kuwa daga farar takarda yake farawa. Sai an rubuta labari, an zana shi a jere hoto bayan hoto, an ɗauki muryoyin 'yan wasa, an gina kowane mutum da kowane gini a kwamfuta, an sa musu launi, an motsa su, sannan a sa musu haske. Daƙiƙa ɗaya ta kan ci hoto 24, ka ga minti 20 ya kai hoto kusan 29,000. Ma'ana, babu abin da ya faɗo cikin katun da kansa. Idan ka ga kwanon rufi mai tsatsa a Ajegunle ta nan gaba, wani ne ya zauna ya zana tsatsar da gangan. Masu Iwájú suna da ikon share talauci da satar mutane daga Legas ɗinsu da ɗan yatsa ɗaya. Sun ƙi. Shin sun kyauta?

Ɗan'uwanmu da ya ƙwace waya yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ya ce mu da muke da dangi a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari ba a fim muka san garkuwa da mutane ba. Akwai gidajen da aka yi karo-karo a unguwar nan aka aika kuɗin fansa gida. Yaron da ke jin iyayensa na wannan magana ƙasa-ƙasa da dare, me ya sa idan ya zo hutawa za a sake ɗora masa ita? Ya ƙara da wadda ta fi ci mana rai. Ya ce idan ka nuna wa yaro cewa ko bayan motoci sun fara tashi sama ɗan talaka yana nan yana yi wa ɗan mai kuɗi bauta, ai ka gaya masa ke nan cewa haka abin yake, kuma haka zai tabbata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji shi, kuma wannan tanƙwarawa ce zuwa ga yanke ƙauna.

Mun jinjina wannan magana, amma ba mu bi ta ba. Mu tuna da iyayenmu mata da kakanninmu. Da suka tara mu a tsakar gida suna mana tatsuniya, ba su taɓa ɓoye mana Dodo ba. Akwai yunwa a cikin tatsuniya, akwai muguwar kishiya, akwai marainiyar da ake aika wa rafi da tsakar dare, akwai Gizo da ke cutar Ƙoƙi matarsa ta aure. Ba don su firgita mu suka yi ba. Sun san tsoron yana nan a zuciyar yaro tun kafin a ba shi labari, abin da ya rasa shi ne sunan abin tsoron da hanyar kuɓuta daga gare shi. Yaron Agege da ke ratsa layin dogo zuwa makaranta ya riga ya san akwai Ikoyi. Idan ka zana masa Legas da babu mai kuɗi babu talaka, ba zai ce ka tausaya masa ba. Zai gane ƙarya kake yi, kuma daga ranar zai daina yarda da sauran abin da za ka faɗa masa, har da na gaskiya.

Saboda haka a ganinmu ba nuna mugunta ne laifi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka nuna ta. Akwai mai nuna wa yaro zalunci kamar ruwan sama, abin da ke sauka kawai ba mai iya tsayar da shi. Wannan ya ci amana. Akwai kuma mai nuna masa cewa zalunci aikin hannun mutane ne, wani ya zaɓa ya yi, wani kuma zai iya zaɓar ya ƙi. A nan Iwájú ya yi abin a yaba. Bode ba aljani ba ne, shi ma cikin talauci ya tashi, kamar Kole. An matsa wa Kole lamba da rashin lafiyar uwarsa har ya ci amanar Tola, daga baya ya yi nadama ya tsaya a gyara ɓarnar. Yara biyu daga rami ɗaya, kowa da hanyar da ya ɗauka. Wannan darasi ne da malaminmu na allo ba zai ƙi sa hannu a kai ba: talauci jarrabawa ce, ba lasisin cutar mutane ba.

Duk da haka akwai inda muke tare da ɗan'uwanmu. Abin da ɗan shekara 12 zai haɗiye, ɗan shekara 5 zai iya shaƙewa da shi. Tatsuniya ba ta cutar da mu ba domin mai ba da ita tana zaune kusa, tana ganin idon kowa, in ta ga ƙarami ya tsorata sai ta sassauta murya ta jawo shi jikinta. Waya ba ta da wannan hankalin. Wanda ya zana katun a Landan bai san yaron da aka sace kawunsa a hanyar Funtuwa ba. Mu muka san shi. Ashe amanar kashi biyu ce: ta mai zane ita ce kada ya yi ƙarya kuma kada ya kashe fata, tamu kuwa ita ce kada mu miƙa waya mu juya baya. Mun zama masu saurin tuhumar na farko don mu manta da na biyu.

Wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tola da Kole da Bode sunayen Yarbawa ne, kuma ba laifi, masu shirin labarin gidansu suka bayar. Amma kakanninmu sun fi shekara 100 suna saukowa nan, wasu a ƙafa, wasu a jirgin ƙasa, suna fataucin goro da shanu. Idan 'ya'yanmu suka saba ganin Legas ta gobe ba su ga mai kama da su a ciki ba, za su ɗauka mu baƙi ne da za a wayi gari mun kwashe. Samarin Kugali da labaran zane suka fara, ba da biliyoyin naira ba. A makarantun unguwar nan akwai yaran da ake duka saboda sun cika bayan littafi da zane. Kafin mu ɗaga bulala, mu duba me suka zana.

Shi dai ɗan'uwan namu ya mayar da wayar bayan kwana biyu, bisa sharaɗin tare za a ƙarasa kallo, autansa kuma a kan cinyarsa. Ya ce da aka gama, babbar 'yarsa ta tambaye shi: "Baba, da kai ne Kole, Inna kuma ba lafiya, me za ka yi?" Ya ce ya daɗe bai ba ta amsa ba. Har yanzu yana kan bakansa cewa bai kamata a sa satar yara a katun ba, mu ma muna kan namu. Amma ya yarda cewa a shekara 13 da haihuwar yarinyar ba su taɓa yin hira mai nauyin wannan ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya ba mu ikon riƙe amana.