Kujerar ta Wa ce?

Makiyayin Dakoro yana ƙaura tare da garkensa. Mai canjin sheƙa kuwa yakan bar masu zaɓensa a baya. Shi ya sa tsarin mulkin Nijar na 2010 ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, wanda aka kora kuma ya zauna mai zaman kansa. Dokar ta ɗauka jam'iyya ce ma'ajiyar aƙida. To, in jam'iyyar ce ta saki aƙidar fa? A nan mai ficewar ne ya riƙe amana, kuma shi doka ke hukuntawa. An rusa jam'iyyun a 2025, amma tambayar tana nan tana jiran ranar da akwatin zaɓe zai dawo.