Zumuncin Yaro a Ƙafar Iyayensa Yake

Idan magidanci zai tashi da iyalinsa zuwa Ingila karatu, lissafinsa ba ya wuce kuɗin makaranta, kuɗin biza, hayar gida da rigunan sanyi. Uwargida tana can tana ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, tana auna akwati kada ya haura kilo 23. A yi sallama da kakanni, a nemi gafarar maƙwabta. Yarinyar gidan mai shekara 5 kuwa, ba wanda zai tuna ya ce ta je ta yi bankwana da ƙawarta ta Islamiyya, wadda suke zama kan tabarma ɗaya suna raba alewa. Ai yara ne, za su manta.

Irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne. A 2022 kaɗai, Birtaniya ta ba iyalan ɗaliban Najeriya biza sama da 60,000, fiye da kowace ƙasa, kuma akwai 'yan Arewa a ciki. Daga Janairun 2024 ne aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, amma kafin nan dubban yara sun riga sun sauka.

Biyu daga cikinsu na gani ranar ƙaramar Sallah a filin Small Heath da ke Birmingham, inda dubun-dubatar Musulmi ke taruwa idi. Maƙwabtan juna ne a Samarun Zariya, an raba su fiye da shekara, kuma iyayen ba su san cewa tafiya ta kawo su kusa da juna ba: gida ɗaya a Birmingham, ɗayan a Coventry. Uwayen ne suka fara ganin juna. "La ilaha illallahu! 'Yar'uwa, ke ce a garin nan?" Ana ta rungume-rungume, su kuwa yaran kowacce ta riƙe hijabin uwarta, suna leƙen juna kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Can sai ɗaya ta ɗaga tafin hannu ta nuna lallenta. Ɗayar ma ta nuna nata, sannan ta ƙura mata ido ta ce, "Ke, haƙorinki ya fita!" Shi ke nan. Kafin manya su gama gaisuwa da tambayar mutanen gida, yaran sun ɓace cikin taro, sai tsalle suke kan dardumomin mutane.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar uwar ɗaya daga cikinsu. Ta ce rabon da ta ji 'yarta tana surutu haka tun suna gida, har malamar ajinsu ta taɓa kiranta a kan yarinyar ba ta magana. Masu koyar da yaran baƙi sun san wannan shirun: yaron da ya faɗa cikin sabon harshe yakan yi makonni ko watanni yana saurare kawai. Ba ciwo ba ne. Amma harshe kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. A Samaru yarinyar nan tana shiga gida uku kafin azahar, ta ci tuwo a inda yunwa ta kama ta. A Ingila ƙofar kowa a kulle take, ba a shiga gidan wani sai iyaye sun shirya, kuma a watan Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Uba na tsakanin lacca da aikin awa 20 da doka ta yarje wa ɗalibi a mako, uwa na kwana aikin kula da tsofaffi. Wa zai ji kewar yarinya?

Babba idan ya yi kewar aboki sai ya ɗauki waya. Yaro ba shi da lamba, ba shi da kuɗin mota, bai ma san sunan garin da aka kai abokinsa ba. Ko an haɗa su a bidiyon WhatsApp, minti biyu za su yi suna yi wa juna gwalo su watse, domin abotar yara ba hira ba ce, wasa ce, wasa kuwa sai da jiki. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, ƙafar yaro kuma tana hannun wanda ke riƙe da shi.

Kakanninmu ma sun yi ƙaura, amma a ayari. Waɗanda suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 gari guda suka kafa a bakin kogin Nilu a Sudan, fatake kuma zango suka yi a Kumasi da Accra. Yaro ya tashi da sa'o'insa, ya sauka da su. Ƙaurar yanzu takardar jami'a ce ke raba gari: wannan Hull, wancan Sunderland, kowa da inda aka ɗauke shi.

Ba ina cewa kada yarinya ta yi ƙawa da 'yar Bature ko 'yar Pakistan ko 'yar Somaliya ba. Za ta yi, kuma alheri ne. Sai dai tsohuwar ƙawa ce kaɗai ta san kakarta, ta san akuyar gidansu, ta san sunan da ake tsokanarta da shi. Da ita ce kuma Hausa ke zama harshen wasa. Yaron da ba ya jin Hausa sai a "zauna", "cinye abincinka" da "ka yi sallah?" ba zai daɗe ba zai ajiye ta, a dawo gida ana kukan ba ya iya gaida kakarsa.

Iyayen yaran nan biyu na filin idi sun karɓi lambar juna, an rabu da "sai mun zo" irin tamu, wadda sau da yawa iyakarta baki. Ku da kuke riƙe da yara a ƙasar wani, ku tambaye su wa suke kewa, ku nemi inda yake, in da hali ku kai su. Daga Coventry zuwa Birmingham bai kai rabin awa ba a jirgin ƙasa mai sauri, kuma yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 rabin kuɗi yake biya.