Mindar Kaka: Ta Wa Ce?

A gidajen gwanjo na Landan, irin su Spink da Noonans, akwai masu sayen lambobin yabo na tsofaffin sojojin mulkin mallaka suna tarawa. Daga ciki akwai mindar azurfa da Turawa suka ƙirƙiro a 1903 domin baƙaƙen sojojin rundunar Afirka ta Yamma. Ba a ba soja ita sai ya yi shekara 18 yana aiki ba tare da tabo ba. A bakinta ake zana lambarsa da sunansa, kuma sau da yawa sunan garinsu ne yake zama sunan mahaifi: wane Kano, wane Zariya, wane Rano.

Mu duba shekarar da kyau. A watan Fabrairun 1903 ɗin nan ne wannan runduna, ƙarƙashin Kanar Morland, ta fasa Bebeji maƙwabciyarmu, sannan ta ci Kano. Da yawa daga masu riƙe da bindigogin Hausawa ne. Ke nan mindar tana ɗauke da juriyar talakan da ya yi shekara 18 yana fareti, tana kuma ɗauke da hoton sarkin Ingilan da aka ci ƙasarmu da sunansa.

Ko kalmar "sa kai" ma abin dubawa ce. Lokacin yaƙin Hitila, ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa neman samari, aka kai dubbai Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Saurayin da dagaci ya nuna da yatsa, ko wanda haraji ya koro daga gona, nawa ne rabonsa a cikin zaɓin?

To, laifi ne a tara waɗannan lambobi? Mai tarawa yana da hujja. Da ba dominsa ba, da wasu sun ƙare a wutar maƙeri sun zama zobe. Yana goge su, yana bin takardun soja yana neman tarihin mai su. Sai dai ribar tana wajensa, jikokin kuwa ko hoton mindar ba su da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu masu aikin manhaja mun san cewa lamba ba ta da amfani idan aka raba ta da bayanin da take nunawa. Bayanin mindar nan yana bakin tsofaffinmu a Rano da Kibiya: wa ya tafi, wa ya dawo, wa aka yi wa zaman makoki babu gawa. Tsofaffin nan kuwa ƙarewa suke yi.

Saboda haka wanda ya mallaki minda amana ya ɗauka, kuma haƙƙin amanar shi ne ya sanar da zuriyar mai sunan. Mu kuma da muke da ita a ƙasan adaka, kafin talauci ya sa mu sayar, mu ɗauki hotonta gaba da baya da baki, mu zauna da kaka mu naɗi muryarta a waya.