Fartanyar Gado

A fadamun Sabon Birni da Isa, in ƙotar fartanya ta tsage, manomi yakan ɗaure ta da ɗanyar fata ko ya kai wa masassaƙi ya yi sabuwa. In ruwanta ya cinye, maƙeri ya ƙera wani. Bayan shekaru ba abin da ya rage na asali, amma mai ita yana cewa ta mahaifinsa ce. Ina ganin gaskiya ya faɗa, domin abin da ke riƙe sunan abu shi ne aikinsa da bai yanke ba, da hannun da ya miƙa shi ga wani hannu.

Wani zai ce wannan son zuciya ne kawai, tunda icen da ƙarfen duk sabbi ne. To, Ƙuraishawa sun sake gina Ka'aba, Abdullahi ɗan Zubairu ya sake, aka kuma gina ta bayan ambaliyar 1630, kuma babu malamin da ya ce alƙibla ta canja. Sharaɗin dai shi ne gyaran ya bar abin a kan aikinsa na farko. Wanda ya narkar da ruwan fartanyar ya ƙera wuƙa, shi kam ya rabu da gadonsa.