Shaidar Me Lambar Soja Ke Bayarwa?

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Tambuwal da Kebbe mun fito ne daga gidajen soja. Wanda ya tashi a ƙasar Zuru ya san cewa da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa ba da ɗa ga bariki ba. A irin waɗannan gidaje akan sami tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, a cikinta kuwa, tare da takardar sallama da ta yi ja don tsufa, akwai tauraron tagulla mai tsini shida, rataye da ƙyalle mai ja a tsakiya. Tsofaffi suna kiransa minda. Wannan shi ne Tauraron Bama, wanda Ingila ta ba waɗanda suka yi mata yaƙi da Japan, har da kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka sha ruwan sama da zazzaɓi a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan a 1944 da 1945. Idan yaro ya ɗauko shi ya tambaye mu ko Kaka ya yi abin kirki ne da aka ba shi wannan, mukan ce masa i, mu wuce. Amsar ba ƙarya ba ce, amma tambayar ta fi ta nauyi.

Bari mu fara da wata lamba da aka ci a ƙasarmu. A watan Fabrairu na 1903, bayan Kano ta faɗa hannun Turawa, rundunar Kanawa da ke komowa daga Sakkwato ta yi karo da wata ƙaramar ƙungiyar sojan Turawa a Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yanzu. Jagoran ƙungiyar shi ne Laftana Wallace Wright, hafsan sojan ƙasa na Ingila. Takardar yabonsa ta ce shi da hafsa ɗaya da mutum 44 sun tsaya sa'a biyu suna tare farmakin mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Saboda haka aka ba shi Victoria Cross, lambar da babu wadda ta fi ta a sojan Ingila. Ya rayu har ya zama janar, ya shiga majalisar dokokin ƙasarsu, ya rasu a 1953. A wannan karo na Kwatarkwashi ne Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama, wanda Kanawa ke kira Mai Shahada har yau. Makonni kaɗan bayan haka rundunar Turawa ta biyo ta Shagari, nan kusa da mu, ta ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris.

To, Wright jarumi ne? Babu shakka. Mutumin da dawaki suka nufo shi sau da yawa bai juya baya ba, ba za mu kira shi matsoraci don ba ma son abin da ya zo yi ba. Amma waɗanda suka sukwano da mashi da takobi cikin ruwan harsashi fa? Su ma ba su juya baya ba, kuma ƙasarsu suke karewa. Mutum 44 ɗin nan da suka tsaya tare da shi, baƙar fata ne 'yan ƙasar nan, takardar yabon ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. A rana guda, a fili guda, jarumtaka ta bayyana ta fuska uku, amma ɗaya kaɗai aka buga wa ƙarfe.

Abin lura shi ne, lambar kanta ba ta yi da'awar abin da ya fi ƙarfinta ba. Kalmomi biyu ne a jikinta, ma'anarsu kuwa ita ce an ba da ita domin jarumtaka. Ba ta ce domin adalci ba. Mu ne muke ɗora mata wannan kaya.

Labarin Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa, ya ƙara fito da wannan a fili. Ya fara aikin soja ne a hannun Jamusawa a Kamaru, ana kuma ba da labarin cewa sun ba shi lambarsu ta jarumtaka saboda yadda ya yaƙi Ingilishi. Aka kama shi a Garwa a 1915. Daga baya ya shiga rundunar waɗanda suka kama shi, ya yaƙi iyayengijinsa na dā a Afirka ta Gabas, ya ci wata lambar jarumtaka a yaƙin Habasha, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Sarakuna biyu masu gaba da juna sun yaba wa ƙirji ɗaya. Ba zai yiwu dukansu biyu suna da gaskiya a rigimarsu ba, amma dukansu sun faɗi gaskiya a kan Maigumeri: ba ya gudu.

Wani zai ce, ashe ke nan minda ƙarfen banza ce, kwalliyar da mai mulki ke yaudarar talaka da ita. Ba mu yarda ba. Mutumin da ya ɗauki abokinsa mai rauni a kafaɗa cikin kurmin Bama, ya raba ɗan ruwan gorarsa da shi, ya yi abin kirki na gaske, ko da dalilin da ya kai shi can bai wuce yunwa ko umurnin hakimi ba. Yawancin kakanninmu ba a tambaye su ra'ayinsu a kan Hitila ko Sarkin Japan ba. Abin da aka sa a hannunsu ƙarami ne, wato amanar na kusa da su, sun kuwa riƙe ta. Wanda ya raina wannan daga kan kujerarsa a inuwa, bai san abin da yake rainawa ba.

Sai dai akwai inda maganar ke yin ɗaci, ba kuwa nesa da mu ba ne. A watan Maris na 1906 aka rushe garin Satiru, kudu da Sakkwato, bayan mutanensa sun yi tawaye sun kashe wasu Turawa. An kashe mutane wajen 2,000, aka hana a sake gina garin. Sojojin da suka yi wannan aiki su ma an ba su lambar hidima a Afirka, da ɗan ƙarfe mai ɗauke da shekarar. A nan ne za mu gane cewa lamba iri ɗaya tana iya rataya a ƙirjin wanda ya ceci rai da na wanda ya harbi mai gudu, ba ta kuwa bambanta su. Lamiri ne kaɗai ke bambantawa. Majalisar Batikan ta Biyu, a 1965, ta riƙe ɓangarorin nan biyu tare: ta girmama sojan da ke tsare lafiyar jama'a da gaskiya, ta kuma koyar da cewa bin umurni ido rufe ba ya wanke wanda ya aikata kisan gilla. Kalmar nan da muke ji sau da yawa, wai "an ba ni oda ne," tana iya rage wa mutum laifi a gaban kotu, amma ba ta mayar da jinin marar laifi ruwa.

Wannan ba zancen dā kaɗai ba ne. 'Ya'yanmu da ƙannenmu sun sa kaki, sun je Laberiya da Saliyo, sun yi aiki a Borno da dazuzzukan Zamfara, wasunsu sun komo da lambobi, wasu ba su komo ba. Idan suka zo gida muka taru muna shafa abin da ke ƙirjinsu, ba mu cika tambayarsu abin da ke hana su barci ba. Mai lamba yakan ji nauyin faɗa, domin an riga an kira shi jarumi, jarumi kuwa, a ganinmu, ba ya kuka. Ta haka yabonmu ke rufe masa baki a daidai lokacin da yake bukatar mai saurare, ko Fada, ko matarsa, ko tsohon abokin bariki.

Ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da mazan jiya, za a ajiye furanni a Sakkwato, a busa ƙaho. A gidajenmu kuwa adakar nan tana nan. Wanda ya buɗe ta ya juya Tauraron Bama zai tarar da bayansa sumul, domin Ingila ta rarraba taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da ta zana sunan kowa ba. Wane ne ya sa shi, wane gari ya baro, me ya gani a Kaladan, wa ya bari a can, duk wannan yana bakin 'yan tsofaffin da suka ji daga gare shi, su ma kuwa kowace damina sai mun binne wasu.