Zare da duwatsu: shin wanda ya rasa gida yana da haƙƙin ado?

A ranar 6 ga watan Fabrairu na shekarar 2015, ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Cikin wannan shekarar ce mutanen Asaga suka bar gaɓar Komadugu, suka tare a bakin kwalta cikin bukkokin zana da tamfol. Gonakin tattasai da suka riƙe kwarin nan suka gagari masu su, dokar ta-ɓaci kuma ta taƙaita cinikinsa da na kifi. To, a irin wannan hali, idan mace ta zauna tana shirya duwatsun wuya, me za mu ce da ita? Almubazzara ce, ko kuwa ta san wani abu da ya shige mana duhu?

Masu zargi suna da hujja. Sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin dutse kuɗin gero ne, wanda ke jiran agaji kuma ba ya da hurumin ƙawa. Gaskiya ne uwar da ta bar ɗanta da yunwa domin murjani ta yi laifi. Amma hujjar tana ɗauke da wani zato mai haɗari, wai matalauci ciki ne kawai, da zarar an cika shi an gama da mutum.

Mu dubi aikin kansa. Mai shiryawa takan zuba duwatsu a faifai, ta ware su bisa girma da launi. Babban yakan zauna a tsakiya, sauran su biyo shi dama da hagu, kowane da abokinsa. Mai lura takan yi ƙulli tsakanin dutse da dutse, domin in zare ya tsinke, ɗaya ne zai faɗi, sauran su tsira. Aiki ne na ƙidaya da haƙuri da tanadin gobe. Wadda aka raba da gida da gona, aka zaɓa mata wurin kwana da abin da za ta ci, a nan ne take yanke shawara da kanta: ja ne zai bi fari, ko shuɗi.

Duwatsun ma baƙi ne. Murjani daga tekun Bahar Rum ayari suka riƙa kawo shi ta Sahara. Masaga na Bida kuwa kwalabe suke narkawa su mayar da su abin wuya. Abin da ya fashe ya sami sabuwar siffa, abin da ya yi nisa da mahaifarsa ya sami mazauni. Ƙari ga haka, gona ba ta shiga ƙunshi ranar gudu, amma abin wuyan da uwa ta gadar wa ɗiyarta yana ƙetare ruwa tare da ita, ya zama shaidar asali, ya zama jari ranar tsanani.

Saboda haka amsar tana da mataki biyu. Abinci ne kan gaba, babu musu. Amma mai agaji, da malami a cikin aji, da ƙungiyar raya al'adu, duk wanda ya ga ƙyalli a wuyan ƴar gudun hijira ya ce ashe ba ta cikin buƙata, ya zalunce ta. Ya nemi ta sayar da mutuncinta kafin ya ba ta mudun hatsi, kuma wannan farashi ne da babu wanda ya isa ya sa wa ɗan Adam.