Karatun labari ɓata lokaci ne?

Ya kai mai karatu, a nan Safo wasu na cewa wanda ya koyi karatu, wasiƙa da takardar magani sun ishe shi, littafin labari kuwa wasa ne. Bari mu duba.

A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta fitar da "Wa Zai Auri Jahila?", labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure. Kana karantawa kana jin daɗi, kana kuma tambayar kanka: ɗiyata fa?

Wasiƙa ba kullum take zuwa ba, hauyar da aka jingine kuwa tsatsa take yi. Daɗin labari ke sa ka buɗe littafi kowane dare, har karatun ya zauna maka.